Gidiyon Ya Yi Dariya Tare da Kowa

Zuwa ga Innata a Bawdeta,

Gaisuwa daga Lome. Ina lahiyar Baba? Gero ya yi kyau bana? Ni lahiya lau nike, yatsuna ne kawai ke kumbura, kada ki damu.

Inna, aikina ya yi! Ran Lahadi pasto na wa'azi da Hausa ta bidiyo kai tsaye, ni kuma ina buga maganarshi tana hita ƙasan hoton don kurame su karanta. Ana tashi sai ga saƙon yaya Gidiyon, da tun yana yaro bakin masu wa'azi kawai yake kallo: "Hasana, ashe pastoci na barkwanci? Yau tare da kowa na yi dariya."

Don Allah ku riƙa caja mashi waya kowace Asabar. Ubangiji ya tsare ku.

Ɗiyarki,
Hasana