Ranar da Na Tashi Daga Layi

Dugabau, ran Litinin

Zuwa ga Gwaggona Furera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki, yaya mutanen Gwarzo? Ni ƙalau nake, a jiki dai. Na san za ki ce ga waya, me ya kawo takarda. Bakin ne ba na son buɗewa, shi ya ja min. Ƙanwata Lailatu ta karanta miki, ta kuma riƙe dariyarta.

Kin san rijiyar burtsatsen da muke haƙawa a nan tare da Injiniya Gurmit, Ba'indiyen nan mai rawani da gemu, wanda mutanen gari suka yi ta kira Alhaji har suna matsa masa a sahun gaba. Ba Musulmi ba ne, Sik ake ce musu. Duk Lahadi da rana yakan dafa wani wake mitsi-mitsi da gurasarsu, ya shimfiɗa tampol, kowa ya zauna a ƙasa layi ɗaya, direba, lebura, har mai unguwa in ya zo. Shi da kansa yake bi yana zubawa. Ya ce a addininsu ba a ɗaga kowa wurin ci, ko da kujera 'yar tsugunno. Ni na fi kowa yabon abin. Kin san ni a majalisa, in na karanto 'yan littattafaina ba mai hana ni caccakar masu raina talaka.

Jiya aka kawo Hambali daga Getso ya haƙa mana ramin laka. Sana'arsa ta ainihi yasar masai. Ina kallo ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya zo ya zauna kusa da ni. Gwaggo, na ɗauki farantina na miƙe, na ce ni ban iya ci ina toshe hanci ba. Aka kwashe da dariya. Mutumin da ya isa ya haife ni. Ya ajiye gurasarsa ya koma gindin darbejiya.

Injiniya bai ko dube ni ba. Ya zuba faranti guda, ya bi shi, ya zauna a turɓaya suna sa hannu tare. Da ma marina ya yi.

Bayan la'asar na tare Injiniya da hujjata, na ce haka Allah ya yi ni da zafin baki, ƙaddara ce. Da guntuwar Hausarsa ya ce rahamar Ubangiji ruwan sama ce, ba ta zaɓen gona, amma tulun da aka kife ba ya tara komai, kuma ba Ubangiji ne ya kife nawa ba. Abin da liman ke faɗa mana kullum, na haddace shi, sai ga wanda ba ya salla ya riga ni aikatawa.

Hambali bai dawo yau ba. Ramin na nan rabi. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Abdulrahman

Dugabau, ran Juma'a

Gwaggo,

Salamu alaikum, da fatan kun yini lafiya. Saƙonki ya iso, cewa in je da ƙafata kada in aika. Na je Getso jiya wurin Hambali.

A hanya na tsara jawabi mai daɗi, da aya da hadisi. A ƙofar gida duk ya zube, na durƙusa kawai na ce ya yafe min. Ya ce ba komai, an saba, ni ba ni ne farau ba. Wannan an saba ɗin ta fi zagi ciwo.

Ya shimfiɗa min tabarma a zaure. Matarsa Asibi ta aiko da tuwo cikin sabon kwano, takardar kanti ma ba a ɓamɓare ba, da cokali a kai. Tuwo da cokali, Gwaggo. Shi kuma ya koma can bakin ƙofa ya tsugunna, don kada ya takura min. Na ce ya matso mu ci, ya ce ya ƙoshi. Sau uku ina roƙonsa.

Na ci, don barinsa wani cin mutuncin ne. Ban san abin da na haɗiye ba.

Ya ce ramin a ba wani. Laraba zan koma, ba don ramin ba. Kada ki faɗa wa kowa a majalisa.

A gaida su Lailatu.

Ɗanki mai jin kunyarki,
Abdulrahman