Tsokar da Rekiya Ta Ƙi Ci

Birchi, ta Kurfi,
Watan Yuni, 1961.

Zuwa ga Yayana Ilu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Mairo da yara. Allah ya buɗe maka karatun da ya kai ka Kagoro, ya dawo mana da kai cikin ƙoshin lafiya. Mu nan jiki da sauƙi. Maigidana Rabe ya warke daga ciwon ƙafar nan, har yana cika baki zai riga kowa gama noman fari, alhali shukar ma ba ta tsaya ba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, sai sama ta ɗauke, gero ya fito ya ƙone.

Yaya, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Hankalina a tashe yake, kuma a kan Rekiya ne, 'yar marigayi Garba ɗan'uwanmu. Ka san tun da ka tafi aka bar mini yaran makarantar Lahadi, ni da na koyi boko da girmana. Nakan tara su a majami'armu ta zana in koya musu waƙa da addu'a da yadda mai bi yake tsare kansa, kada ƙarya, kada zagi, kada a tone gyaɗar gonar wani. Wata Lahadi na ba su labarin samarin nan da suka ƙi cin abincin sarki a ƙasar bauta, na ce mu ma ba ma cin abin da aka yanka wa tsafi. Rabin yaran suna wasan ƙasa, ba su ma ji ni ba. Rekiya ce kaɗai ta zuba mini ido har na gama.

To, ka san al'adar gidanmu. Kafin shuka Baba Ɗan'auta, ƙanen mahaifinmu, yakan yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya, kuma duk wanda ke ci daga rumbunsa sai ya ɗanɗana, in ba haka ba wai yankan bai karɓu ba. Ni da kai mun fita daga wannan tun da muka bar gidan, amma Hawwa'u matar Garba da 'yarta Rekiya a hannunsa suke tun rasuwarsa. Da aka zo kan Rekiya sai ta datse baki. Aka lallashe ta, aka yi mata tsawa, ta ce Gwaggo Kyauta ta ce masu bin Yesu ba sa ci. Yarinyar da haƙoran gabanta ma ba su gama fitowa ba. Da farko Baba dariya ya yi, ya ce taurin kan Garba ne. Amma da shuka ta ƙone sai dariya ta ƙare. Ya sa aka ɗauko tsokar da ta ƙi ci, da ma an yi bandarta, ya rataye a ɗakinsa, ya rantse ba za a zuba wa Rekiya tuwon gidansa ba sai ta ci.

Kada ka ɗauka mugunta ce. Na je na durƙusa a gabansa, na ga tsoho yana hawaye. Ya ce jikarsa ce, ya fi ni son ta, amma bakin mutum nawa ke jiran gonar nan? Ya ce loma ɗaya kawai yake roƙo. Na ce ya ba ni ita in riƙe, ya ce jinin gida ba ya barin gida da rantsuwa a kansa, ya kuma hana ta taka ƙofata. Abin da ke riƙe da ita yanzu shi ne ɗan kunun da Yahanasu matar Malam Hudu maƙwabcinsu ke miƙo mata ta kan danga. Musulma ce, amma ta ce ba za ta iya kallon yaro da yunwa ba, Allah ya saka mata. Kunu kuwa ba tuwo ba ne. Wuyan yarinyar ya yi siriri, ba ta iya ɗaukar tulu daga rijiya sai ta huta a hanya.

Hawwa'u ta tare ni a hanyar kasuwar Kurfi, ta ce ni na ɗaure mata 'ya, ni zan kwance ta. Gaskiya ta faɗa, don Rekiya ta ce ba za ta ci ba sai in ni na ce ta ci. Na buɗe Maganar Allah ina ta bin layi da yatsa. Na ga inda aka ce gunki ba kome ba ne, na kuma ga inda aka ce a guje masa, kaina ya ɗaure. Mai bisharar da ke zuwa mana daga Dutsin-Ma a kan keke yana kwance a asibiti. Rabe ya ce in ce ta ci kawai, Allah ya san yarinya ce. Amma in na ce ta ci, da wane baki zan sake tsayawa gaban yaran nan? Duk sun zuba ido su ga ko abin da nake koya musu na ranar ƙoshi ne kawai. In kuma na ce ta daure, wani abu ya same ta, me zan ce wa Garba ranar da muka haɗu? Ina tsoro, Yaya.

Jiya na gan ta a rijiya. Ba ta yi kuka ba, tambayata kawai ta yi, wai in ta ci, Yesu zai daina saninta? Sai na ce mata Baffanta Ilu ya fi ni karatu, zan tambaye shi. Don Allah, ranar da takardar nan ta iso ka ba da amsa, kada ka jira ka yi mini wa'azi mai tsawo. In da hali ka taho da kanka, kai ne Baba ke jin kunyarka.

Ka gaishe mini da Mairo, da yaranka Ma'u da Uwa. Rabe yana gaishe ka, Hawwa'u ma haka. Rekiya ta ce in gaishe ka, ta ce za ta jira.

Ni ce ƙanwarka,
Kyauta.