Zaren Fatsar Baba Ya Zama Igiyar Shanya

Sakasaka, Tamale

Zuwa ga Yaya Mutawakil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, sanyin ƙasar nan taku bai takura muku ba. Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan lafiya lau. Ƙanwarmu Zakiya ta sauka, an samu ɗiya mace, har an yi suna.

Yaya, sandar kamun kifin da ka aiko wa Baba ta kusa hana mu zaman lafiya. Ranar da ta iso, a gaban surukinsa Alhaji Andani ya yi alƙawarin cewa kifin da mai jego za ta ci ranar suna daga hannunsa zai fito, ya kuma hana Mama sayen ko da jela a kasuwa. Ka san Baba in ya faɗi magana a gaban mutane.

Ashe koren zaren da ya zo da sandar ya daɗe a naɗe cikin kwali, ya saba da naɗin. Da Baba ya je dam ɗin bayan Gumani, in ya wurga sai zaren ya nannaɗe kamar taliya ya faɗo gabansa. Sau ɗaya ma hularsa ƙugiyar ta kama. Ya dawo yana faɗa, wai zaren Turawa ya fi akuya taurin kai. Mu muna dariya a ɗaki, amma wallahi na tausaya masa, don ko abinci ya daina ci sosai.

Ana jibi suna ya ɗaure zaren daga bishiyar mangwaro zuwa ƙofar gida don ya miƙe, ya tafi masallaci. Mama ta fito da wankin mai jego, ta ga sabuwar igiya mai kyau, ta shanya zannuwa kaf a kai. Da ya dawo, faɗan da aka yi har maƙwabta sun leƙo. Ita ta ce duk igiyar da aka ɗaure a tsakar gidanta ta shanya ce. Da aka kwashe kayan, sai ga zare ya miƙe sambal, nauyin jiƙaƙƙun zannuwa ya gyara shi. Washegari da sassafe Baba ya naɗe abinsa ya hau babur.

Da yamma ya shigo da karfasa guda biyu, ƙanana ƙwarai. Ranar suna shi da kansa ya kai wa Zakiya a faranti, Alhaji Andani yana kallo. Ta cinye har ƙaya ta tsotse. Baba ya fita waje yana goge ido, wai hayaƙin murhu ne. Ya ce in gaya maka ka yi ƙoƙari ka zo, dam ɗin ya fi daɗi da mutum biyu.

Mama da Zakiya suna gaishe ka. A gaida Anti Mashudatu da su Jamaldeen.

Ƙanwarka,
Mulikatu