Fure Biyu a Reshe Ɗaya

Inna,

Gaisuwa daga Ikko. Yaya Baba da Ummaru, yaya damina a Dayi? Lafiyata ƙalau, yatsu ne kawai suke ciwo.

Uwar ɗakina, Mama Silifat, tana buga hoton fure a kati da hatimin roba, ni in cika da alƙalamin launi. Na yi wa reshe ɗaya fure rawaya da ja. Ta yayyaga katunan, wai babu shuka irin wannan, in na sake za ta mayar da ni gida. Amma haka audugar Baba take, furenta rawaya ne, kashegari ya koma ja.

Don Allah ki tsinko mini furannin biyu a sako cikin wasiƙa. Yau ma rawaya da ja na yi.

Ki sa mini albarka.

'Yarki,
Sakinatu