Sunan Dogo da Alli

Auta,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman nesa? Mu dai ga mu nan.

An kafa dutsen nan a bakin kasuwa, wanda za a sa sunayen sojojin unguwarmu da suka rasu a yaƙi. Mai sassaƙar wani dattijo ne. Sai ya fara rubuta suna da alli, 'yan gida sun zo sun duba, sannan ya sa ƙarfe da guduma. Ya rubuta na ɗan'uwanmu Dogo, Mama ta je ta goge da bakin mayafinta. Wai ita ba a kawo mata gawa ba, cewa aka yi ya ɓace, wanda ya ɓace kuwa dawowa yake yi.

Kullum da safe ya rubuta, kafin azahar ta goge. Ɗinki ya taru min a shago, ni ina can ina ba dattijon haƙuri. Na gaji, Auta. Kai ne ɗan lelenta, ka ce wani abu.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso ni.

Shawarata ita ce dattijon ya sassaƙa tun kafin Mama ta fito. Waɗanda suka tafi tare da Dogo sun faɗa mana abin da suka gani, shekara da shekaru ke nan. Ba zan yarda a buɗe dutsen nan babu sunansa ba, kamar wanda ya tsere daga fagen daga.

A gaida Mama. Na gode.
Ƙaninki

Auta,

Ina gaisuwa. Lallai daga nesa magana ba ta da wuya, ranka ya daɗe.

Na kai wa dattijon shawararka, ya ƙi. Ya ce abin da aka sassaƙa a dutse ba ya goguwa, shi kuwa ba zai yi wa uwa bayan ido ba. Ya bar wa Dogo gurbi ya wuce na ƙasa, da alli kawai yake rubuta masa kullum. Yanzu duk mai wucewa sai ya tsaya a gurbin nan, har an fara gulmar da kake tsoro. Mako mai zuwa za a buɗe, dattijon kuma zai tattara kayansa.

Ni kaina ban san me nake so ba. Jiya na tarar da Mama tana shafa wa takalman Dogo mai, na ja ƙofa na koma.

Allah ya tsare.
Yayarka

Auta,

Ina gaisuwa.

Yau an yi ruwa da safe, ya wanke allin kafin Mama ta isa. Ta daɗe tsaye gaban gurbin, mayafin a hannunta, babu abin gogewa. Sai tambaya take wa ya taɓa mata yaro. Da na ce ruwa ne, ta juya wajen dattijon.

"Malam, sa ƙarfenka. Ni ina gogewa ne don na san gobe zan same shi an sake rubutawa."

Yana bugawa, tana zaune tana karkaɗe ƙurar da bakin mayafin. Ka taho.

Yayarka