Gidan Saurona Ya Dawo Da Ƙarnin Kifi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka ɓoye sunana, kuma ka rubuta yadda na faɗa, ban shiga aji ba amma ba a gyara mini magana. Don Allah ku ba ni shawara, na kasa zama wuri ɗaya.

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Bunguɗu, marigayi maigidana shi ne Sarkin Ruwan tafkinmu. Bayan farin nan, zamanin da anka daina sule anka koma naira, tafkin ya kusa mutuwa. Sai malaman gona sunka zo daga Gusau da 'ya'yan karfasa cikin durom, sunka zuba, sunka ce in kowane gari ya riƙe ruwansa, ƙasar nan ba ta sayen kifi daga waje. Maigida ya ɗaure ruwa, ba mai shiga sai ranar su, wato ranar da gari duka ke kamun kifi, kuma duk ragar da yatsu uku ba su ratsa idonta ba, ba ta taɓa ruwa, don ƙananan su tsira su girma. Nashi yatsun kamar taɓarya suke, masunta sunka yi ta ƙorafi, sai anka koma aunawa da nawa. Ni ce ma'auni. Kifi ya dawo, bandata har Tsafe da Bilbis ake zuwa saye.

To a shekarun nan ne na iske ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana jan raga mai ƙaramin ido, alhali ruwa a ɗaure. Ya ce Yaya ki rufa mini asiri. Na ce ruwan gari ne, ba na ubanmu ba. Na faɗa, anka ƙone ragar gaban jama'a. Har ya koma ga Allah bai sake taka zaurena ba. Ban taɓa nadama ba, ina ma ba da labarin da alfahari a gidan biki.

Yanzu babban ɗana ne Sarkin Ruwa. Kwanaki ya ari gidan saurona wai baƙi za su kwana gidansa, da ya dawo da shi sai na ji ƙarni. An wanke, an sa sabulu mai ƙamshi, amma ni da na tsufa a bakin banda za a ɓoye ma ƙarni? Na duba ɗinkin, ga ɓawon kifi ƙanana kamar tsabar gero. Gidan sauro fa, jama'a, wanda ko allura da ƙyar take ratsawa! Sai na tuna miyar da matarsa ke aiko mini, ashe da bakina nake cin tafkin.

Na kira shi ɗaki na tambaye shi, bai musa ba. Ya ce Inna gonar daji ba ta shiguwa, kin san dalili, yara kuma ba su ƙoshi da kifin baɗi. Na ce ubanka ya ga fari bai yi haka ba. Ya ce ubana bai ga wannan zamani ba. 

Ga ranar su ta matso, masunta za su kawo ragunansu ƙofata in auna kamar kullum. Cikinsu har da ɗan ƙanen nan nawa, wanda har yau in ya gaishe ni cewa yake Gwaggo mai yatsu uku, yana murmushin da ban gane ba. Ina jin ya sani.

In na faɗa, za a tuɓe ɗana, jikokina su kwana da kunya da yunwa. In na yi shiru, ƙananan kifi su ƙare, kuma abin da na yi ma ƙanena ya tashi daga gaskiya ya koma mugunta.

Ku gaya mini, in faɗa ko in ce hannuna na ciwo bana? Yatsun nan dai su ne, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba.