Na Kwashe Saƙar Gwaggona Na Sa a Tawul, Wata Ake Kira Ɓarauniya

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karanta wannan shafi. Ki ɓoye sunana don girman Allah. Masu sharhi kuma ku sassauta mini, zagin da za ku yi mini na riga ku, kullum sai na yi wa kaina shi.

Ni 'yar Illo ce ta ƙasar Bagudo, amma a Kano nake aiki, a wani kamfanin tawul. Ni ce mai zana adon da inji zai saƙa, in tsara shi a kwamfuta, in zaɓi launin zare. Ina wata uku mahaifiyata ta rasu, ƙanwar babana ta ɗauke ni, ita nake kira Gwaggo. Masaƙiya ce, majanyin goyo take saƙawa da hannu, kuma tana da adonta da ta ƙirƙira tun tana budurwa, ƙayar kifi tsakanin layi biyu masu lanƙwasa kamar ruwan Kwara. Duk yankinmu in aka ga wannan ado a bayan mai goyo, an san hannun wa ya fito. Majanyin da ta goya ni da shi ta ba ni ranar da zan bar gida, yana ƙasan akwatina.

Bara aka ce mu kawo sabon adon tawul na goyo, na zana biyar duk oga ya watsa mini su, har yana cewa a gaban mutane ko kaina ya bushe ne. Raina ya ɓaci, tsoron kora kuma ya kama ni. Na koma gida na ciro majanyin nan na ɗauke shi hoto, na kwafe shi zare bayan zare, har da wani jan layi guda da ya ratsa tsakiyarsa, don na ga ya ƙara masa kyau. Oga ya tambaye ni ina na samo wannan, wallahi bakina bai ko yi rawa ba na ce, "Daga kaina." Aka tafa mini, aka ƙara mini girma. Me ya hana ni cewa na gwaggona ne? Me zai ragu a jikina? Na ce wa zuciyata ai Kano da Illo akwai nisa, kamar ban san motar kaya ba ta san nisa ba.

Wata huɗu kacal tawul ɗin ya cika kasuwar Lolo da ke kusa da garinmu, a bakin iyaka. Idon Gwaggo ya yi yana, tana ganin fasalin abu amma ba ta rarrabe ja da baƙi, sai wata ta miƙa mata shi, ta shafa da hannu ta gane ƙayar kifinta. Da yake yawancin irin wannan kaya ta ƙasar Benin suke shigo mana, nan take ta yanke cewa can aka sace. Kuma mutum ɗaya ce ke tsallaka iyaka da saƙarta tana sayar mata, Inna Dije, aminiyarta tun kafin a haife ni, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta kira ta maciya amana, unguwa duka na ji. Yanzu mata sun daina ba Inna Dije kayansu ta kai musu tsallake, wai kada ta ci amanarsu su ma. Sana'arta ke nan tun rasuwar mijinta.

Da na je gida hutun nan, Gwaggo ta zaunar da ni ta ɗora mini tawul ɗin a cinya, tawul ɗin da ni na zaɓi zarensa. Ta ce, "Ɗiyata, ke kin san mutanen wanga aiki. Ki binciko mini wanda Dije ta kai wa. Ba komai nike so ba, in dai ji sunanshi." Na ce to, Gwaggo. To fa na ce, Anti. Har na ƙara da Allah ya tona asirinsa, ta ce amin.

Washegari na haɗu da Inna Dije a hanyar rijiya, na durƙusa na gaishe ta ina jin kamar ƙasa ta buɗe. Ta amsa lafiya lau, ta tambayi aiki, sannan ta ce, "Na ga jan zaren a jikin tawul ɗin nan." Ta ce, "Majanyi guda ne a duniya ke da shi. Ran da take saƙa shi baƙin zare ya ƙare mata, kina ta tsala kuka babu abin goya ki, ni na warware bakin mayafina na ba ta ja." Na fara kuka ina ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Ban gaya mata ba, ba ni kuma gaya mata. Ni ta rasa ƙawa, in ta ji ke ce, ɗiya za ta rasa. Amma ki sani ina jin zafi." Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Matar da na ja wa sunan sata ita ke rufa mini asiri, ni kuma ina zaune ofis ana kirana gwana. In na faɗa, Gwaggo na da hawan jini, kuma ba ta da kowa sai ni, da wane ido za ta dube ni? In na gaya wa oga gaskiya, wataƙila aikin ya tafi. In na yi shiru, Inna Dije za ta tsufa da sunan ɓarauniya a garin da aka haife ta, saboda ta taɓa warware mayafinta don a goya ni.

Jiya Gwaggo ta sa aka kira mata ni a waya, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kin samo sunan?" Na ce ina kan bincike. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ta san ba zan ba ta kunya ba.

Juma'a za ta sake kira. Don Allah jama'a, me zan yi?